Wayar sifika da wurin kafa su: abin da ya kamata mai ɗaki a ƙauye ya zaɓa

Saura sati biyu bikin ɗan yayana ya kira ni a waya, wai in daure in zo in duba masa kayan sautin da ya sayo a Sabon Gari, don ya haɗa ya kunna amma ba ya yin yadda ya ji shi a kanti. Ƙauyensu yana gefen Ringim, ni kuma aikin wayarin da haɗa sola nake yi, saboda haka duk abin da ke da waya a dangi ni ake nema. Da na shiga ɗakin sai na tarar da sifikoki biyar reras a kan kabet ɗaya, kamar jeren kwanukan amarya, wufa kuma, wato babban akwatin da ke fitar da kaurin sauti, an cusa ta a lungu an ɗora mata fanka.

"Baffa, ko dai jabu suka ba ni?"

Na ce masa kayansa lafiya lau. Da na tambaye shi dalilin jera su wuri ɗaya, sai ya ɗago wayar da ta zo a kwali, siririya kamar zaren buhu, ya ce ta sifikokin da ake kafawa a baya ba ta kai bangon baya ba idan aka bi da ita ta gefe. Tambayoyi biyu ke nan a wuyansa, wace waya zai ƙaro, kuma ina zai kafa kowace sifika. Ra'ayina shi ne ta farko ba ta da wuya, tarko ɗaya ne a cikinta. Ta biyun ce ke cin lokaci, kuma a can daɗin sautin yake.

Mu fara da waya. Abin da ake nema a wayar sifika shi ne kada ta tare wa wuta hanya. Kowace waya tana da turjiya, ana auna ta da om, kuma abu uku ne ke ƙara ta: tsawo, siranta, da irin ƙarfen da ke ciki. Sifikar ma tana da nata om ɗin a rubuce a bayanta. Ka juya ta ka duba, za ka ga 8, ko 6, ko 4. Ƙananan saiti irin na LG da Sony da Samsung, waɗanda komai ke zuwa a kwali ɗaya, da yawansu 3 ne ko 4. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe suna bi ita ce turjiyar waya kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin sifika. Wato ga mai 8, kada ta wuce 0.4. Ga mai 4, kada ta wuce 0.2.

Wayar jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5, wato milimita sukwaya, wadda duk mai wayarin ya sani, kowace mita ɗaya zuwa da dawowa tana da turjiyar kusan 0.023. Idan ka lissafa, za ta kai ka mita 17 a kan sifika mai om 8, mita 13 a kan mai 6, kusan mita 9 a kan mai 4, mita 6 da rabi a kan mai 3. Mai kaurin 2.5 kuma za ta kai mita 29 a kan mai 8, mita 14 a kan mai 4, kusan 11 a kan mai 3. Idan ka ga an rubuta AWG a jikin wayar, lissafin Amurka ne, kuma a juye yake, lamba ƙarama ita ce waya mai kauri. Lamba 16 kusan 1.3 ce, lamba 14 kusan 2.1, lamba 12 kusan 3.3.

To ɗakunanmu fa? Yawanci ƙafa 12 ne da 12, ko 12 da 14, wato tsawon bai kai mita 4 da rabi ba. Sifikokin gaba ba sa cin fiye da mita 2 ko 3 kowace, don haka ko wayar kwalin ma ba ta yi musu laifi. Na baya ne ke ruɗin mutum. Kana tsaye za ka ga kamar mita 4 ce, amma waya ba ta tsallaka tsakar ɗaki, sai ta hau bango, ta bi kusurwa, ta zagaye ƙofa, ta sauko. A ɗakin angon nan da muka bi hanyar da igiya muka auna, ɗaya ta ci mita 7, ɗayar ta ci 10 saboda ƙofa. Sifikokinsa masu om 4 ne. Ka ga 1.5 ta wadatar da ta farko, ta biyun kuma tana bakin gaɓa. Gaskiyar magana, wuce iyakar nan da kaɗan ba ya kashe sauti, raguwar ba ta kai wadda kunne zai kama ba. Abin da nake gudu shi ne a wuce ta ninkin ba ninkin.

Tarkon kuma yana nan. Waya biyu za a ajiye maka a kan kanta, dukkansu ja a ido, dukkansu an rubuta 1.5. Ɗaya jan ƙarfe ce har ciki. Ɗayar alminiyam ce aka shafe bayanta da jan ƙarfe, ita ake rubuta wa CCA idan mai yin ta ya ga damar faɗin gaskiya. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, saboda haka duk lissafin da na yi a sama sai ka rage masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ma ba shi ne babban aibinta ba, don za ka iya sayen mai kauri ka cike giɓin. Aibinta shi ne ba ta da juriya. Lanƙwasa biyu zuwa uku silin ya karye. Idan ka ɗaure ta da noti, bayan 'yan watanni sai ta saki. Da damina ta sauka, bakin da aka feɗe ya sha laima, sai ya yi fari-fari kamar toka, sifika ta fara ɗauke murya tana dawowa. Kuma sau da yawa wadda aka rubuta wa 1.5 ko 1 ba ta cika ba, roba aka kumbura. Irin siririyar nan ta alminiyam mai 0.5, idan ta yi mita 10 turjiyarta tana kai om 1 cur. A kan sifika mai om 4, kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin amfilifaya ke nan ya tafi a ɗumama waya.

Gane ta ba ya buƙatar na'ura. Ka ce a yanko maka ɗan guntu. Ka kankare sili ɗaya da reza, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce. Ko ka duba bakin yankan a rana, za ka ga tsakiyarsa fari. Ni laita nake sa mata. Silin jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, na alminiyam kuwa nan take yake nannaɗewa ya langaɓe kamar gashi. Nauyi ma yana faɗa, don jan ƙarfe ya ninka alminiyam sau uku a nauyi, idan ka ɗaga nadi guda ka ji shi sakayau to ka ajiye. Akwai kuma wadda baƙin ƙarfe ne a ciki, ita maganaɗisu ke kama ta. Mai kanti na kirki ba ya jin haushin wannan gwaji. Wanda ya ɓata rai ya riga ya ba ka amsa.

Sai zaɓi na uku, wanda ni shi na fi ba mutanen ƙauye: fileks ɗin lantarki mai sili biyu na kamfanonin gida irin su Coleman, Cutix ko Nigerchin, in ka samu na ainihi, don su ma ana yi musu jabu. Sifika ba ta san sunan da aka rubuta a jikin waya ba, jan ƙarfe da kauri ta sani. Fileks yana da riga biyu, ya fi jure ɓera da zafi fiye da wayar nan mai sheƙi da ake gani har ciki, kuma silinsa launi biyu ne, ba za ka rikice ba. Illarsa ɗaya, kama yake da wayar wuta, don haka ka sa masa alama kada wata rana wani ya ɗaura masa fulogi. Wayar gini mai sili ɗaya tauri ita ma tana ɗaukar sauti, sai dai ba ta zama a maƙallin sifika, kullum tana zamewa.

Wayoyin nan masu tsada da ake tallatawa a intanet, masu baki ruwan zinari, ka bar wa masu kuɗin. A mita 10 cikin ɗakin siminti babu kunnen da zai raba su da fileks mai kyau. Haka maganar wai sai wayar hagu da ta dama sun yi tsawo ɗaya, babu ita. Wuta a waya gudunta ya kusa na haske, bambancin mita 3 ba komai ba ne.

Wasu kan ce me zai hana a sayi saiti mai sifikokin baya marasa waya a huta. Sunan ne marasa waya, amma suna buƙatar soket a bayan ɗaki, kuma yawancinsu akwai ɗan akwati da waya ke fita daga gare shi zuwa sifikokin. Ga mai sola ƙarin kaya ne a kan batir, ga tsada. Ban ga ribarsu ba sai ga wanda yake haya aka hana shi buga ƙusa.

Hanyar da waya za ta bi ma zaɓi ce. Ƙarƙashin leda ko kafet ya fi sauƙi, kuma shi ya fi saurin lalacewa, ƙafar kujera za ta datse ta, tsintsiya ta ja ta, yaro mai rarrafe ya gano ta. Cikin silin ya fi kyan gani, amma tsakanin kwano da silin a watan Afrilu tanda ce, roba tana bushewa ta tsage, ga ɓeraye. In dai ta can za ka bi, sa ta a bututun roba irin na wayarin. Abin da na fi so shi ne farin maƙunshin roba da ake bugawa a jikin bango, ko kilif a jere ta saman ƙofa, inda ido ke gani hannu ke kaiwa. Kada ka haɗa ta bututu ɗaya da wayar wuta. A ginin ƙasa ƙusa gajera ba ta riƙe sifika, sai doguwa a karkace, ko a dasa katako, shi ma a shafe shi da baƙin mai saboda gara.

Abu biyu kafin mu bar waya. Idan saitinka mai fulogi masu launi ne na kamfani, kada ka yar da su. Yanke wayar ka bar taƙi guda a jikin fulogin, ka haɗa da sabuwar, ka like da dalma, ka naɗe kowane sili daban. Murɗawa da hannu a rufe da salatif ba ya kai shekara. Na biyu, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a duka ɓangarorin. Idan ka juya ɗaya, babu abin da zai ƙone, amma takardar sifika ɗaya za ta riƙa turowa lokacin da ɗayar ke ja, sai kaurin sautin ya zube, murya ta rasa wurin zama. In waya ta rikice maka, ɗauki batirin tocila mai 1.5 ka taɓa bakin wayar da shi na ɗan lokaci. Idan takardar ta turo waje, silin da ya taɓa kan batirin, wato gefen mai alamar +, shi ne ja. Ka kashe amfilifaya kafin ka taɓa komai, kuma ka tabbata babu sili ko ɗaya da ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa, shi ke sa na'ura ta riƙa kashe kanta.

Yanzu wurin kafawa. Tsarin da ake kira 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya, yana da ma'auni da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar tun farkon shekarun 1990, kuma da shi masu haɗa sautin fim suke aiki. Ta tsakiya tana gabanka sak, na hagu da dama a digiri 30, na baya tsakanin 100 da 120. Ba sai ka nemo ma'aunin kusurwa ba. Ka ɗauka kana zaune a tsakiyar agogon bango, talabijin tana ƙarfe 12. Na gaba suna ƙarfe 11 da ƙarfe 1. Na baya suna wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8, ko ka ɗan matso da su gaba kaɗan. Ka lura ba a bayan ƙeyarka suke ba, a gefe suke, an ɗan ja su baya. Ga na gaba igiya ma ta isa, nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowace zuwa gare ka. In ɗakin ya matse ka rage, kamfanin Dolby ya yarda har zuwa digiri 22, wato in kana mita 3 daga talabijin, tsakaninsu kada ya gaza mita 2 da rabi.

Sai dai waɗanda suka tsara wannan sun ɗauka mutum yana kan kujera a tsakiyar ɗaki da fili a bayansa. Mu ba haka muke zama ba. Kujerunmu a jingine suke da bango, sun zagaye ɗakin, tsakiya kuma kafet ne ko tabarma, a nan yara da mata da baƙi suke baje. Kunnen mai kujera yana wajen mita 1 daga ƙasa, na mai tabarma bai fi santimita 70 ko 80 ba. Amma sai ka ga an ɗaga sifikoki can kusa da silin, wai don kyau da gudun yara. Siririn sauti a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, idan ya wuce ta saman kai sai ka ji murya a dushe. Saboda haka tambayi kanka tsakani da Allah, a ina ka fi zama in za ka yi kallo? In a ƙasa ne, sauko da na gaba zuwa wajen mita 1. In dole sai sun yi sama saboda yara, sunkuyar da fuskarsu su kalli wurin zaman. Ta tsakiya ita ce mai ɗauke da magana, ta zauna dab da talabijin, a ƙasanta ko samanta, a bakin kabet ba can ciki ba.

Idan kujerar da kake kallo a kai tana manne da bangon baya, kada ka rataya na baya a saman kanka suna kallon talabijin. Sa su a bangon gefe, ko a kusurwoyi, sama da kunne da kamar kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi, suna kallon juna. Tsayin nan yana hana wanda ke gefe ya ji sifika ɗaya tana yi masa ihu a kunne. In kuma za ka iya janyo kujerar daga bango ko da taƙi biyu, ka yi, za ka ji bambanci.

Akwai ɗakin da nake cewa mai shi ya haƙura da na baya gaba ɗaya. In ƙofa tana daidai inda ɗaya za ta zauna, ko gado ya cinye rabin ɗakin, ko talabijin tana kusurwa, to uku a gaba da wufa, an kafa su daidai, sun fi biyar a hargitse. Ka kuma duba abin da kake kallo. Yawancin finafinan da ake tura mana a memori da waƙoƙin waya layi biyu ne, hagu da dama. Bluetooth ma layi biyu yake kawowa, haka wayar nan mai kai ja da fari. Sautin 5.1 na gaske yawanci ta HDMI ko wayar haske yake zuwa, kuma sai abin da ake nunawa yana da shi. Na'urar tana iya raba layi biyu ta watsa a biyar, irin abin da Dolby Pro Logic II ke yi, ba laifi, amma kada ka zaci jirgi zai wuce ta bayanka a kowane fim.

Wufa ita ce mai rigima. Kaurin sauti ba shi da alkiblar da kunne ke ganewa sosai, don haka ba dole ta zauna a tsakiya ba, amma ɗaki yana wasa da ita. A kusurwa ƙarfinta yana ƙaruwa, sai dai yakan zama gunji, kwanon rufi ya ɗauki rawa, tangaran ɗin kabet su amsa. Ɗaki mai 12 da 12 ya fi kowanne wannan matsala, saboda tsawo da faɗi ɗaya ne, dukkansu suna kumbura sauti iri ɗaya, wajen hez 47, wato bugu 47 a daƙiƙa, a jikin bango ya yi yawa, a tsakiyar ɗaki ya ɓace. Dabarar ita ce ka ɗora wufar a wurin da kake zama, ka sa kiɗa mai ganga, ka rarrafa ka bi gindin bango kana saurare. Inda ka ji bugun ya fito tsaf ba gunji, nan za ka mayar da ita. Angon yana ta dariya da ya ga Baffansa yana rarrafe, sai da ya gwada da kansa ya yi shiru. Wurin da ya fi daɗi ya faɗo jikin bangon da ya raba shi da ɗakin mahaifiyarsa, muka dubi juna, muka ɗauki na biyu.

Ginin kansa yana da baki a maganar. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗaki. Ginin bulo mai filasta da tayil, musamman in ba silin, za ka ji tafin yana dawowa da ƙara. Ɗakin ƙasa mai rufin azara a kunnena ya fi shi kwanciyar sauti nesa ba kusa ba. Maganin na farkon kafet ne mai kauri, labule, da kujerun yadi. Kuɗin da za ka ƙara a waya mai tsada, ka sa shi a nan.

Masu gidan kallon ƙwallo kuma, wannan tsari ba naku ba ne. An yi shi ne don mutum kaɗan a wuri ɗaya, ba benci goma a jere ba. Ku sa sifikoki a gefe da gefe duk suna faɗin abu ɗaya. Ku dai kula da tara su a layi guda, biyu masu om 8 a haɗe sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure hakan. Nisanku ma ya fi na ɗaki, 2.5 ce taku.

Bayan an kafa, saura a shiga saitin na'ura. Akwai inda ake rubuta nisan kowace sifika daga wurin zama. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka wadda ta fi kusa tana riga sauran isowa, na'urar ce ke ɗan riƙe ta su iso tare. Auna da tef ka rubuta. Sannan ka kunna sautin gwaji mai shuuu da ke zagayawa, ka daidaita har kowace ta zo da ƙarfi ɗaya. In na'urarka tana tambayar girman sifika, zaɓi ƙarama, ka bar wa wufa abin da ke ƙasa da hez 80. Na baya ba a son a riƙa jin su kullum. In kana jin su a lokacin da mutum biyu ke hira a fim, sun yi yawa.

A ɗakin angon mun ƙare da yadi 20 na fileks 1.5, maƙunshin roba guda shida, da wayar kwali a gaba. Ana gobe ɗaurin aure 'yan jere suka zo, suka ce doguwar kujera ba ta yi kyau a nan ba, suka mayar da ita jikin taga. Bayan sati ya sake kirana.

"Baffa, ta hagun nan yanzu a kunnena take."

Na ce ya cire ƙusar ya matsar da ita kamu biyu baya, na bar masa rarar waya a cikin maƙunshin.